Kallo da I'itibari a Fadamar Haɗejiya

Tun da motoci suka yawaita, hanyoyi kuma suka haɗa garuruwa, wata al'ada ta fara shiga tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwar ƙasarmu, watau idan an ba yara hutun makaranta, ko an sauko daga Idi an gama gaishe-gaishen dangi, sai maigida ya kwashi iyalinsa a mota su nufi wani wuri mai ruwa da itatuwa, ba don fatauci ko biki ko ta'aziyya ba, sai don kurum su gani, su sha iska, su komo. Mutanen Ikko da na Jidda bakin teku suke zuwa; mu kuwa da Allah Ya ajiye nesa da teku, sai Ya musanya mana da fadamar kogin Haɗejiya, wadda idan ta yi cikarta a ƙarshen damina, mutum ya hau jigawa ya miƙa ganinsa, ba ya tsinkayar inda ruwan ya tsaya. Mas'alar da nake so in duba ita ce matsayin irin wannan fita a wajen Musulmi: shin lagawu ce da ake yi wa uzuri, ko kuwa akwai wani alheri a cikinta wanda ya isa a nema?

Na ji wani dattijo daga ma'abota karatu, wanda ba na shakkar tsoron Allahnsa, yana ƙyamar abin ƙwarai, hujjojinsa kuma ba na yarwa ba ne. Ya ce kakanninmu sun yi tafiya fiye da mu, sun keta Borno da Wadai da Darfur a ƙasa har Makka, sun je Gwanja sayen goro, sun bar gida shekaru don neman ilmi, amma kowace tafiya tasu tana da suna da dalili. Wannan ta yanzu kuwa, wadda mutum zai ƙona mai, ya ɓata yini, ya komo ba riba ba karatu, koyi ne da Turawa, kuma za a tambayi bawa ranar hisabi game da lokacinsa da dukiyarsa inda ya ɓatar da su. Har ma fukaha'un mazhabarmu suna da magana da ke kama da goyon bayansa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin an ƙayyade nisan da ake yi wa ƙasaru da mil 48, sa'an nan Shaihu Halilu a Muhtasar ɗinsa ya fid da mutum biyu daga wannan sunna, wanda tafiyarsa ta saɓo ce da wanda tafiyarsa ta wargi ce, masu sharhi kuma suka kawo misalin mai fita farauta don nishaɗi tsantsa. Iyalin da suka taso daga Kano zuwa Haɗejiya lalle sun haye wannan nisa, saboda haka tambayar za ta tarar da maigida tun da azahar, lokacin da ya shimfiɗa darduma a gindin gawo yana shawarar raka'a biyu zai yi ko huɗu.

Abin da na fahimta, Allah kuwa Shi ne mafi sani, shi ne cewa fukaha'u sun rataya hukuncin ga abin da ya tayar da matafiyi, kuma ganin halittar Allah ba ya shiga babin wargi sai idan mai ganin ne ya mayar da shi haka. A wurare da dama Alƙur'ani mai girma ya umurci mutane da su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, wani wuri su duba ƙarshen al'ummun da suka gabata, wani wuri kuwa, kamar a Suratul Ankabuti, su duba yadda aka fari halitta. A Suratul Gashiya an jawo hankali ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. A Suratul Mulki an nuna tsuntsaye a sararin sama da Wanda ke riƙe da su. A Suratul An'ami kuma an bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar mu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u ga ladubban tafiya, wani kuma ga tafakkuri, kuma ya lissafa ganin ayoyin Allah a ƙasa cikin manufofin da ake yin tafiya dominsu. Idan aka haɗa wannan da haƙƙin iyali, wanda Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata shi, da kuma abin da aka ruwaito na tseren da ya yi da Nana A'isha a cikin wata tafiya, sai a ga cewa magidancin da ya fid da matarsa da 'ya'yansa daga tsakanin bango huɗu don ƙirjinsu ya buɗe, idan ya kyautata niyya, ya tsare salla, bai ci bashi ko ya tauye abincin gida domin haka ba, ya tsallake mubahi ya shiga abin da ake fatan lada a kansa.

Wurin kuwa ya isa a tafi dominsa. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, wanda bayan ya wuce garin, da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai ya rarrabu rassa, Marma ta yi arewa zuwa tafkin Nguru, Burum Gana da tsohon kogin Haɗejiya su yi gabas, ruwa ya bazu tsakanin jigayi ta ƙasar Kirikasamma da Guri, kafin abin da ya saura ya gamu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Cadi. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan ƙasa shi ne yadda fili guda yake ciyar da mutane iri-iri bi da bi a cikin shekara ɗaya: ruwa ya zo, masunci ya kafa kallinsa ya jera malinsa, manomi ya yanke shinkafarsa, ruwa ya janye, a bi danshi a shuka wake, rani ya tsananta, Bafillace ya gangaro da shanunsa su ci abin da ya rage. Wanda ya ga haka da idonsa ya sami darasi a kan arziki da Mai rabawa irin wanda ba kowane wa'azi ke iya dasawa a zuciya ba, gani kuwa ya kori ji.

Sa'an nan ga tsuntsaye. Ban da 'yan gida irin su balbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya, akwai baƙi waɗanda ke tasowa daga ƙasashen Turai idan sanyi ya kama can, su keta bahar Rum da hamada, su sauka a Baturiya da Nguru da Dagona su yi hunturu tare da mu, su juya kafin bazara. Saboda su ne Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona a 1989, kuma a 2008 aka sa Baturiya cikin jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Abin kunya ne a gare mu a ce baƙo ya keto ƙasashe don ya ga abin da ke bayan gidanmu, alhali ɗan da aka haifa a Haɗejiya ya kai ga aure bai taɓa taka Baturiya ba.

Wata safiya ta hunturu na ga wani magidanci da 'ya'yansa a bakin ruwa, suna tsaye kusa da wani tsohon masunci da ke zazzage malinsa a cikin kwalekwale, tarwaɗa da karfasa suna ta mutsu-mutsu a ƙafarsa. Ƙaramin yaron ya nuna wani garken agwagin ruwa da ya tashi gaba ɗaya, ya ce, "Baba, wa ya nuna musu hanya?" Uban bai yi gaggawar amsawa ba, sai ya juya ga tsohon ya ce, "Baba, sannu da aiki. Ga jikanka yana tambaya, kai ne ka san su." Tsohon ya goge hannu a rigarsa, ya ce wa yaron, "Ɗan nan, tun ina kamarka suke zuwa, ba su taɓa saɓa lokaci ba. Wanda ya nuna maka nonon uwarka ran da aka haife ka, Shi ya nuna musu." Ban ga abin da malamin tauhidi zai ƙara a kan wannan ba, na kuma yaba wa uban da ya sa ɗansa ya karɓi ilmi daga bakin mai wurin.

Amma akwai wata wahala a cikin mas'alar wadda ta fi ta dattijon nan nauyi a zuciyata, ita ce wadda ta sa ni rubutun. Ruwan nan da baƙo yake tsayawa gabansa yana tasbihi saboda kyansa, shi ne wanda a 2020, sa'an nan a 2022, ya shanye gonakin shinkafa, ya rushe gidajen ƙasa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, ya mayar da magidanta masu rufin asiri 'yan gudun hijira a cikin azuzuwan makaranta, har samarin Haɗejiya suka riƙa kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ya ci gari. Shekarar da ruwa ya fi faɗi, wadda mai kallo zai ce bai taɓa ganin kyau irin nata ba, sau da yawa ita ce shekarar da wani ya rasa rumbunsa. To, yaya mumini zai ji daɗin ganin abin da ya zama jarrabawa ga ɗan'uwansa, su biyun kuma suna tsaye a gaɓa ɗaya?

Ba na ganin amsar ita ce a rufe ido ga kyan, domin kyan gaskiya ne, Wanda ya halitta shi kuma bai halitta shi banza ba. Sai dai kallon da ya tsaya ga kyan kaɗai rabin kallo ne, i'itibari kuwa ba ya cika sai mutum ya ƙetare daga abin da ido ya gani zuwa ga abin da ke bayansa, watau ikon Mahalicci ta ɓangare guda, da halin bayinsa ta ɗaya ɓangaren. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijiri, kufan Samudawa, a kan hanyar Tabuka, ya hana sahabbai su shiga wurin sai suna masu kuka. Nesa ƙwarai a kwatanta mutanen fadama, bayin Allah masu salla da haƙuri, da waɗancan. Abin da nake ɗauka daga ƙissar kurum shi ne cewa kowane wuri yana da ladabin shiga wanda ya dace da abin da ya auku a cikinsa, kuma wanda ya isa ƙauyen da ruwa ya yi wa ɓarna bara ya buɗe kiɗa a mota, yana ɗaukar hoton bango rusasshe ba tare da ya yi wa mai bangon jaje ba, ya faɗa cikin gafalar da dattijon nan yake tsoro, ko da bakinsa cike yake da tasbihi.

Kacala ta isa misali. Baƙon da bai sani ba, idan ya ga wannan doguwar ciyawa kore shar ta rufe bakin ruwa iska tana kaɗa ta, zai lissafa ta cikin ƙawar wurin, alhali babu abin da masunta da manoman fadama suka fi kuka da shi kamarta, domin ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta sa ruwa yana ambaliya inda ba a so ya ƙi zuwa inda ake jiransa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero. Yaɗuwarta kuwa tana da nasaba da aikin hannunmu: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana har cikin rani a magudanan da a da suke bushewa, ciyawar ta sami abin da take so. Madatsun sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa, ba mai musun wannan. Amma yaron da ya zo daga Kano ya kamata ya san cewa famfon gidansu da kukan masuncin Guri a kogi ɗaya suke rataye, kuma halifancin da aka ɗora wa ɗan Adam a bayan ƙasa ya haɗa da tambayar abin da gyaransa a sama ya haifar a ƙasa. Ba a sanin wannan ta gilashin mota, sai an sauko an yi sallama an zauna.

Saboda haka abin da zan faɗa wa mai niyyar kai iyalinsa shi ne ya nemi lokacin hunturu, sa'ad da ruwa ya kwanta, hanya ta bushe, baƙin tsuntsaye kuma suna nan. Idan ya isa ya fara da gaida mai gari ko sarkin ruwa, ya sayi kifinsa a hannun wanda ya kamo shi ba tare da ya matse shi a ciniki ba, ya hana yara harbin tsuntsu da danƙo don wasa, tun da shari'a ta hana kashe rai ba da haƙƙi ba ko da na ɗan tsuntsu ne, ya kuma kwashe ledojinsa ya koma da su. Kada ya yarda a cika kwalekwale fiye da ƙima don a rage kuɗin fito, gama rayuka da yawa sun salwanta a kogunan Jigawa ta wannan hanya, amanar 'ya'ya kuwa ta fi gaban a jefa ta a ruwa da sunan tawakkali. Kuma kada ya tafi da 'ya'ya maza kaɗai ya bar uwarsu da 'yan mata a gida suna dafa abin da za a ci idan an dawo, kamar yadda na ga wasu suna yi, domin umurnin duba halittar Allah bai keɓe maza ba, kuma macen da ta yi shekara tana wanke karfasa a madafi ta fi kowa cancantar ta ga ruwan da ake kamo ta.