Tambayar Asali: Darasi Daga Bakin Gulbi

Akwai wani kifi a ƙasashen sanyi da ake kira salmon. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya koma rafin da aka haife shi ya zuba ƙwai. A teku, kifayen koguna dabam-dabam kan cakuɗe, ido ba ya bambanta su. Amma a Alaska ta Amurka, masana kan yanki ɗan fiffiken kifin, su duba alamomin da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, su gane kogin da ya fito. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne: idan kifin wani kogi ya yi ƙaranci, a sassauta kamun sa, kada taru ya share zuriyarsa tare da ta kogin da ke da yalwa.

Wato suna tambayar asali ne don su san wanda za su kare.

Mu ma muna da namu gulbin. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasashen Anka, Bukkuyum da Gummi, yana ciyar da masunta da tarwaɗa da ƙarfasa. Tun kafin zuwan na'ura, sarakunan ruwa a ƙasar Hausa sukan hana su a wani gurbi har sai kifinsa ya yi ƙwari. Wannan ma sanin asali ne mai tafe da amana.

To, mu 'yan Adam fa? Kullum muna tambaya: ɗan wane ne, daga ina ya fito, Bahaushe ne ko Bafulatani? A shekarun nan da jini ya zuba a Zamfara, amsar wannan tambaya ta sha raba wanda za a ba mafaka da wanda za a guda. Tambayar iri ɗaya ce da ta masanan Alaska. Niyya ce ta bambanta.

Wani zai ce gara a daina tambayar gaba ɗaya. Ba mu yarda ba. Wanda ya ce duk kifi ɗaya ne, shi ne zai ƙarar da na ƙaramin rafi bai ma sani ba. Rufe ido ga bambanci ba adalci ba ne. Mai rauni ne ke biyan kuɗinsa.

Saboda haka kafin mu tambayi asalin wani, mu fara tambayar kanmu: me za mu yi da amsar? Idan ba za ta ƙara mana nauyin haƙƙinsa ba, shiru ya fi.