Bayan Naman Layya: Ta Yaya Za A Biya Jiki Hakkinsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa Musulmi, Babbar Salla ta zo ta wuce. An yi hawa a Dutse, baƙi sun koma garuruwansu, tukwanen suya sun huce. Abin da ya rage a gidaje da yawa, daga Garu har zuwa Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, shi ne nauyin jiki da kumburin ciki da kasalar tashi sallar Asuba. Tambayarmu ta wannan mako ita ce: wanda ya wuce iyaka wajen ci a kwanakin Salla, mene ne ya wajaba a kansa game da jikinsa? Ya hore shi da yunwa ne, ko kuwa ya lallashe shi?

Da farko dai, cin naman layya ba laifi ba ne. A cikin Suratul Hajji Allah Ya yi umurni a ci daga abin da aka yanka, a kuma ciyar da mabukaci. Ranar Idi haramun ne a yi azumi, kwanakin da ke biye da ita kuwa shari'a ta ware su don ci da sha da ambaton Allah. Akwai kuma magidancin da iyalinsa ba sa ganin nama a wadace sai a wannan lokaci, ba kuwa adalci ba ne a tsare shi da wa'azin tsantseni a 'yan kwanakin da ya samu sauƙi. Inda aibin yake shi ne inda Suratul A'arafi, aya ta 31, ta ja layi: ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Ɓarna kuwa ba zubar da abinci kaɗai ba ce. Loma da aka cusa bayan an ƙoshi ita ma ta tafi a banza, sai dai cikin mutum ne ya zama jujinta.

To, idan abin ya riga ya faru fa? Mutane sukan rabu biyu. Wasu su ce ai an riga an ɓata, sai su ci gaba da soyayyen nama safe da yamma har ya ƙare. Wasu kuma nadama ta kama su, su yini ba ci ba sha, ko su sayi maganin wanke ciki a bakin kasuwa su ɗirka. Na biyun nan sun fi kama da masu tuba, amma su ma wuce iyaka suka yi. Maganin zawo mai ƙarfi yana zuƙe ruwan jiki da gishirinsa, ya bar mutum da jiri, ba ya kuma narkar da kitsen da aka riga aka ci. Ba a gyara karkata da wata karkatar.

Buhari ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i yana matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da kansa da iyalinsa kowanne yana da hakki a wuyansa, Annabi (S.A.W.) kuwa ya gaskata Salmanu. Idan an hana takura wa jiki saboda ibada, ina ga takura masa saboda jin haushin kai? Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 1111, ya yi dogon bayani a kan sha'awar ciki a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya nuna cewa abin nema shi ne tsaka-tsaki, watau mutum ya ci gwargwadon da nauyin ƙoshi ba zai danne shi ba, zafin yunwa kuma ba zai shagaltar da shi ba. Jiki amana ne, kamar dokin aro. Wanda ya sukwani dokin aro har ya gaji, bai kamata ya bi shi da bulala ba. Ruwa zai ba shi da ciyawa, ya bar shi ya huta.

Ma'aunin komawa daidai yana cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib, inda aka raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Hikimar wannan a fili take, domin jin ƙoshi yakan makara, wanda ya ci da gaggawa sai ya wuce ƙima kafin cikinsa ya sanar da shi. A rage malmala, a tauna a hankali, a tashi da sauran marmari.

Sa'an nan a mayar wa tukunya abin da Salla ta kora. Nama ba shi da irin zaren da ke cikin ganye da hatsi da wake, wanda yake taimaka wa hanji, shi ya sa bayan gida yakan yi tauri a wannan lokaci. Miyar kuka da ta kuɓewa, kwaɗon zogale ko na rama, fate, da kunun tsamiya marar sukari da yawa, duk suna kusa, ba su kuma da tsada. A sha ruwa a wadace maimakon lemon kwalba. Mai kwaɗayin zaƙi ya ɗauki dabino biyu ko uku, tun da Allah Ya hore wa ƙasar Dutse shi, kasuwar Shuwarin ma ta yi suna da cinikinsa. A kula da gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali yajin tsire da dunƙulen ɗanɗano cike suke da shi. Hukumar ta kuma ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya ajiye babur ya taka zuwa masallaci sau biyar a yini ya kama hanyar cika wannan, ga kuma ladan takunsa.

Azumin nafila na Litinin da Alhamis alheri ne bayan kwanakin Salla sun fita, muddin don Allah aka yi shi, ba don ramuwa a kan jiki ba, kuma kada a rushe shi da buɗa baki mai nauyi. Amma mai ciwon sukari ko hawan jini ko gyambon ciki, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita tukuna, kada kuma su ajiye maganinsu. Wanda ya ji zafi a ƙirji, ko amai da zawo suka ƙi tsayawa, asibiti ya kamace shi, ba jiƙo ba.

Akwai wani magani da ya fi waɗannan duka. A wata shekara Annabi (S.A.W.) ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabukata da suka shigo Madina, daga baya ya halatta ajiyewa. Ajiya halal ce, amma dalilin hanin nan bai ƙare a unguwanninmu ba. Wanda garwar suyarsa take cike har yanzu, ya duba maƙwabcin da bai yanka ba, da almajirin ƙofar gida, da gwauruwa mai marayu. Kwanon da ya fita ya sauƙaƙa wa ciki biyu, na mai bayarwa da na mai karɓa.

Nan da 'yan makonni Ashura za ta zo, da al'adarmu ta cika-ciki. A nan za a gane ko mun ɗauki darasi. Ƙaramin gyara mai ɗorewa ya fi babban alwashi na kwana biyu, haka kuma addini ya koyar game da kowane aiki nagari.

Allah Ya karɓi layyarmu, Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu ga ta baɗi, amin.