Alkawarin Da Kamamme Ya Ɗauka, Shin Ya Ɗaure Shi?

Ga wata mas'ala da nake so mu duba tare. Mutum ne aka ɗora wa wuƙa a wuya, aka ce ya sa hannu a takarda, ya sa. Bayan an ɗauke wuƙar, takardar nan tana da hukunci a kansa ko babu? Zan ɗauko misalin daga nesa, domin a yi hukunci ba da son zuciya ba.

Ƙasar Tekzas, wadda yau take cikin Amurka, a dā yankin Meksiko ce, can bakin iyaka. Baƙi daga Amurka suka yi ta kwarara cikinta har suka rinjayi 'yan ƙasa yawa, a 1835 suka ɗauki makamai. Shugaban Meksiko, Janar Santa Ana, ya taso da kansa. Ran 6 ga Maris 1836 ya ci ganuwar Alamo, aka kashe masu tsaronta wajen mutum 200. Ran 27 ga wata, a Goliyad, ya sa aka harbe fiye da mutum 340 waɗanda sun riga sun miƙa wuya. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ran 21 ga Afrilu, a bakin kogin San Jasinto, Janar Sam Hustan da mutum wajen 900 suka auka wa sansanin Santa Ana da la'asar, sojan Meksiko kuwa suna hutawa. Faɗan kansa minti 18 ya ɗauka. Amma kisa bai tsaya ba sai da duhu ya yi, aka bi masu gudu har cikin fadama ana kashewa, hafsoshi suna hanawa ba a ji. An kashe 'yan Meksiko wajen 630, aka kama wajen 730, 'yan Tekzas kuwa da suka mutu ba su kai 12 ba. Kashegari aka tsinci Santa Ana cikin ciyawa da tufafin ƙaramin soja. Jama'a suka ce a rataye shi. Hustan, yana kwance da harsashi a idon sawu, ya ƙi. Ko tausayi ne ko dabara, Allah ne masani, amma dai rayayyen shugaba ya fi gawa amfani: nan take ya rubuta wa sauran rundunarsa, mutum dubbai, su ja da baya, suka ja. Ran 14 ga Mayu ya sa hannu a yarjejeniyar Belasko, cewa sojansa za su koma hayin kogin Riyo Girande, shi kuma ba zai sake ɗaukar makami a kan Tekzas ba. Gwamnatin Meksiko ta ce ba ta san da wannan ba, kamamme ba ya ƙulla kome.

To, wa ke da gaskiya? Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna Imamu Malik, Allah Ya jiƙansa, wanda aka yi wa bulala a Madina zamanin Halifa Mansur saboda fatawarsa cewa rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ɗaure shi. A kan wannan sai a ce Meksiko ta yi daidai.

Amma a yi hankali, mas'alar ba ta ƙare ba. Wace sulhu ce aka taɓa yi bayan yaƙi wadda babu tilas a cikinta? Wanda aka ci ba don yana so yake sa hannu ba. In muka ce duk alkawarin da tsoro ya haifa ɓatacce ne, to, mai nasara ba shi da dalilin karɓar alkawari, sai ya ci gaba da kisa har ya ƙare abokan gabansa. Ashe fatawar da aka yi don kare mai rauni sai ta zama sanadin halakarsa.

Ni a ganina tilas iri biyu ce. Akwai wadda ta auka wa al'umma duka, ta duba ƙarfinta, ta yi shawara, ta zaɓi ƙaramar hasara. Wannan alkawari ne, ko da ɗaci. Akwai kuma wadda ta auka wa mutum ɗaya a kan wuyansa, ya sayar da abin da ba nasa ba don ya fanshi ransa. Santa Ana na biyun ya yi. Wakili ba ya biyan bashin kansa da gonar wanda ya wakilta. Saboda haka takardar Belasko ba ta ɗaure Meksiko ba.

Shi kansa fa? Nan ne na fi tsananta masa. Ya roƙi amanar da ya hana mutanen Goliyad, aka ba shi, ya ci moriyarta. Duk da haka a 1842, yana kan mulki kuma, sojansa suka shiga garin San Antoniyo har sau biyu. Mai kare shi zai ce 'yan Tekzas ne suka fara saɓawa, kuma haka ne: an sa shi a jirgin ruwa zai koma gida, 'yan bindiga suka sa aka sauko da shi, aka tsare shi har watan Nuwamba. Wannan ya rage laifinsa, bai shafe shi ba, gama mafi girman abin da ke cikin cinikin, watau ransa, an cika masa shi.

Kada matasa su ɗauka waɗanda suka ci yaƙin tsarkaka ne. Meksiko ta soke bauta tun 1829, tsarin mulkin Tekzas na 1836 kuwa ya tabbatar da ita, baƙaƙen fata na can ba su ji shelar 'yanci ba sai ran 19 ga Yuni 1865.

Amurka ta haɗiye Tekzas a 1845, yaƙi ya ɓarke a 1846. A 1848, sojan Amurka suna zaune cikin babban birnin Meksiko, aka sake kawo takarda, wadda ta raba Meksiko da wajen rabin ƙasarta, har da Kalifoniya, a kan dala miliyan 15. Wannan karon majalisar ƙasar ce ta zauna, ta yi gardama, ta amince, ba a kuwa sake yin yaƙi a kan Tekzas ba.