Haƙƙin Kaza da Haƙƙin Maƙwabci

Masu iya magana kan ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Mu mazauna Yelwa a Jalingo, da muka tashi muna kallon kaji na kiwo a tsakar gida, ba mu cika tsayawa mu tambayi haƙƙin da suke da shi a kanmu ba. Sai ga shi wata ƙungiya da aka kafa a Ingila a 1944, wadda mabiyanta ba sa cin nama ko ƙwai, ba sa shan nono, ta mayar da wannan tambaya ginshiƙin rayuwarta.

Inda gizo ke saƙar shi ne allurar rigakafin mura mai tsanani. Galibinta a cikin ƙwan kaza mai ɗa ake rainon ƙwayar cutar, sannan a kashe ƙwayar a tace. Wani nau'in da ake fesa wa yara a hanci a Ingila kuwa yana ɗauke da sinadarin jelatin na alade. Shin wanda ya ɗauki alkawarin ba zai cutar da dabba ba, ya karɓa ko ya ƙi?

Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin mu ma mukan tambayi asalin abin da zai shiga jikinmu. A 1995 malamai da likitoci sun hallara a Kuwait, suka yanke cewa jelatin ya rikiɗa daga asalinsa, saboda haka ya tsarkaka. Wasu malaman ba su gamsu ba, amma kowa ya san hukuncin larura. Ita ma waccan ƙungiya ta Ingila gwargwadon iko ta ɗora wa mabiyanta.

Sa'annan mun ɗanɗana kuɗar ƙin rigakafi. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin yana hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai a Yulin 2004. A sanadin haka cutar ta yaɗu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Indunusiya. Dalilin ƙin ya bambanta, amma darasin ɗaya ne: ƙin nama a kwanon mai shi yake tsayawa, ƙin rigakafi kuwa yakan tsallake katanga ya tarar da jariri da tsohuwa waɗanda ba a shawarce su ba.

Saboda haka a ganinmu tausayin da ya kare ƙwai ya bar maƙwabci bai cika ba. Mai wannan aƙida ya karɓi allura, ya kuma ci gaba da neman wadda ba a yi da ƙwai ba, tunda an fara samar da ita. Mu kuma kada mu yi masa dariya. Mun iya tambayar halas ne ko haram, amma sau nawa muka tambayi yadda kajin da aka ɗaure ƙafafu, aka rataya a babur cikin rana, suka iso kasuwa? Wannan bashi ne da ke wuyanmu.