Hoton waliyyi a Ishbiliya da a Mayahi

A shekarar 1628, a birnin Sebil na Sifaniya, wanda malamanmu suka sani da Ishbiliya, Francisco de Zurbarán ya zana wani mutum ɗaure da igiya a hannuwa biyu, kai ya langaɓe a kafaɗa, farar rigarsa tana haske cikin duhu. Serapion ke nan, ɗan ƙungiyar fada-fadan da aka kafa a 1218 don fanso Kiristocin da ke tsare a hannun Musulmi. Ruwayar coci ta ce kisan gilla aka yi masa a 1240, amma ko ɗigon jini babu a zanen. An rataye shi a ɗakin da fada-fada ke shimfiɗe gawar ɗan'uwansu kafin jana'iza, don mai rai ya duba ya tuna da tasa ranar.

Ba don ado aka yi irin wannan aiki ba. A lokacin Furotesta na zargin Katolika da bautar gumaka. A 1566 ma sun farfasa siffofin waliyyai a coci-cocin Holan. Taron malaman Katolika na Trento, a 1563, ya riga ya yanke cewa girman da aka bai wa hoto yana komawa ne ga mai hoton, ba ga fenti da ƙyalle ba. Sai dai malaman cocin su ma ba su saki jiki da masu zane ba. A 1618 kotun addini ta naɗa Francisco Pacheco, surukin mai zane Velázquez, ya riƙa duba zane-zanen Sebil, kada wani ya kauce wa aƙida.

Mutumin El Allassane Maïreyrey, can yankin Mayahi, zai ce wannan rigimar Nasara ce, ba ruwansa. Da ya leƙa kasuwar Mayahi ko ta Tasawa, zai iske ta a gabansa. Ga hoton Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha manne a tankin babur da bangon shago. Ga na Shehu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, tun ba a ƙirƙiro kyamara ba. Wato kamannin nasa daga tunanin mai zane suka fito, kamar dai Serapion da aka zana shekara 388 bayan mutuwarsa. Ɗan ɗariƙa ya ce ƙauna ce da tunawa, shi ba ya yi wa takarda sujada. Ɗan Izala ya kawo hadisan da suka tsananta kan hoto, ya ce daga nan shirka kan soma. Kowannensu, ba tare da ya sani ba, yana maimaita hujjar da aka gwabza a kanta a Turai.

Shi mai tsoron yana da abin kamawa, domin ido kan riga hankali, kuma ba kowa ke iya raba waliyyi da siffarsa ba. Amma ko shi bai rabu da neman kyau a addini ba: ranar saukar ɗansa, allon zayyana zai saya, mai launi ja da kore da rawaya, babu fuska ko ɗaya.

Zanen Serapion kuwa ya bar ɗakin gawa tuntuni. Tun 1951 yana gidan tarihi na Wadsworth da ke Hartford a Amurka, inda masu yawon buɗe ido ke tsayawa suna yaba yadda aka fitar da ninkin farar rigar.