Dashen Itace Ma Yana Da Fiƙihunsa



Bayan sallar Juma'a wani ɗan kasuwa ya tare ni: "Malam, ina so in zuba kuɗi a dashen dakwara a ƙauyenmu, amma fa ba sadaka ba ce, ƙaro nake nema. Ya halatta?"

Na ce masa ai shari'a ta daɗe da buɗe wannan babin. A shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya bar wa mutanen Khaibar gonakin dabino su kula da su, a raba amfanin biyu. Ita ce musaƙa. Malikiyya kuma suna da mugarasa: mai fili ya ba wani ya dasa itatuwa, in sun kai girman da aka sharɗanta, su yi tarayya a filin da itatuwan.

Kun ga hikimar? Rabon kowa yana rataye da rayuwar itacen.

Mu kuwa yau, kamfani ya kawo dashe, a ɗauki hoto, a watse. Kafin damina ta zagayo awaki sun cinye. Hamada kuma tana ta cin gonaki a Yobe da Jigawa.

Don haka na ce masa: ku rubuta yarjejeniya gaban mai gari da shaidu. A fayyace rabon kowa da wanda zai yi ban ruwa. A bar wa makiyayi burtalinsa. Kai kada ka karya musu farashi, su kuma kada su sare su yi gawayi, amana ce.

Allah Ya sa mu dace.