Teburin Sinuka na Bakin Titi Yana da Nasa Karatun

Duk wanda ya saba tsayawa kusa da teburin sinuka, a Kazaure ne ko Karkarna ko Babura, ya san irin saurayin nan. Ya kwana yana kallon gwanaye a waya, ya ga yadda suke dukan farar ƙwallo ta ƙasa-ƙasa, ta je ta taɓa 'yar'uwarta sannan ta dawo da baya inda ake so. Da la'asar sai ya zo ya sunkuya yadda ya ga ana yi, ya saki sanda. Bakin sandar ya zame, farar ta yi tsalle ta dira cikin yashi, 'yan kallo su kwashe da dariya. Wanda zai cinye shi kuwa yaron mai tebur ne, wanda bai damu da bidiyon kowa ba, bugunsa ma babu wani ado a ciki. Abin tambaya shi ne, me wannan yaro ya sani wanda malaman intanet ba su koyarwa?

Sai an fara duba abin da saurayin ya kalla. Sinukar da ake nunawa a talabijin wasa ne da hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a garin Jabalpur na Indiya a 1875. Teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, ƙwallayenta 22: jajaye 15, masu launi 6, da fara. Ƙarƙashin ƙyallen nan kore ba katako ba ne, faifan dutse ne mai kauri da aka goge shi sumul, shi ya sa nauyin teburin kan wuce tan guda. Ƙyallen na ulu ne, ana share shi da buroshi, ana yi masa guga, a manyan gasa har ɗumama teburin ake yi ta ƙasa don kada danshi ya kama shi. Tun 1977 a zauren Crucible da ke Sheffield ake buga gasar duniya, kuma a can ne Ronnie O'Sullivan ya share tebur da maki 147 cikin minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi a 1997. Duk shawarar da irin waɗannan gwanaye za su ba ka, sun gina ta ne a kan abu ɗaya da ba sa ma ambatawa don a wurinsu ba abin magana ba ne: tebur ba zai yi maka ƙarya ba. Inda ka aika ƙwallo, can za ta.

Abin da ke ƙarƙashin rumfunanmu wani wasan ne daban, ko da yake suna ɗaya muke kiransu. Ƙwallaye 15 ne da fara, bakwai naka, bakwai na abokin karawarka, sai baƙa ta ƙarshe, a kan tebur mai kusan ƙafa 7. A Ingila da Amurka mazaunin wannan ƙaramin tebur mashaya ce. Mu nan Jigawa, inda aka ƙaddamar da shari'a tun 2000, sai ya samu masauki a gefen gidan kallon ƙwallo, kusa da mai shayi da mai cajin waya. To amma ko a can ɗin, masu bugawa a mashaya sun san nasu ba irin na gasa ba ne. Teburinsu da kwabo yake aiki, duk ƙwallon da ta faɗa rami ta kulle ke nan sai an sake biya, saboda haka dole aka bambanta farar don na'urar ta gane ta ta dawo da ita. A Amurka an daɗe ana yin ta da ɗan girma ko nauyi fiye da sauran, ko a sa mata ƙarfe a ciki maganaɗisu ya janye ta. A Ingila kuwa ƙanƙanta ta aka yi. Farar da ta fi sauran nauyi ba ta son dawowa baya, gaba take son bi. Idan ƙaramin bambanci irin wannan ya isa ya sauya yadda ake bugu, ina ga namu teburin?

Namu sau da yawa aikin kafinta ne, shimfiɗarsa katako, ƙafafunsa a kan turɓaya ko sumuntin da ba a daidaita ba, an tokare ɗaya da guntun kwali ko fasasshen tayil. Katako kuwa yana da rai: ya sha danshin damina ya kumbura, ya sha zafin bazara ya bushe ya lanƙwashe. Don haka babu teburin bakin titi da ba shi da gangarensa, kuma gangaren bana ba lallai ne ya zama na baɗi ba. Abu na farko da mai hankali zai yi kafin a jera ƙwallaye shi ne ya gangara farar a hankali daga wannan kai zuwa wancan, sannan a gicciye, ya ga inda take karkata sa'ad da ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Wannan ɗan gwajin ya fi masa darasin awa guda. Dalili kuwa a fili yake. Gangare ya fi cin ƙwallon da ke tafiya a hankali, domin ta fi daɗewa a kan hanya. Gwanin talabijin zai ce maka ka lallaɓa ƙwallo ta isa rami da ƙyar, a wurinsa wannan ce ƙwarewa. Kai a nan in ka lallaɓa daga nesa, tana kusa da rami za ta kauce. Sai dai ka ƙara mata ɗan ƙarfi daidai gwargwado, ba irin dukan huce haushi da samari ke yi don a ji ƙara ba, wanda ke sa ƙwallo ta leƙa rami ta fito.

Sai ƙyalle. Da hunturu ƙura kan shige cikinsa ta zauna, ƙwallaye su yi dattin da ke sa su riƙe juna idan sun haɗu, su kauce daga layin da ka auna. Da damina ƙyallen kan yi nauyi, ƙwallo ta mutu kafin ta kai. Robar gefe kuma rana ta gasa ta, wani ɓangaren yana mayar da ƙwallo da ƙarfi, wani ya haɗiye ta. Yaron mai tebur ya san duk wannan a hannunsa ko da ba zai iya bayyana shi da baki ba. Ya san ramin da ke karɓa da wanda ke tofarwa, ya san inda ƙyalle ya yage aka ɗinke. Shi ya sa za ka ga ya bar ƙwallon da kowa ke ganin mai sauƙi ce ya zaɓi wata, ka ɗauka wauta ce, sai daga baya ka gane.

Sanda ita ce babbar matsala, kuma ita aka fi raina wa. Sandar gwani tasa ce shi kaɗai, bakinta fata ce da aka gyara ta yi ɗan tudu tana riƙe alli. Sandar rumfa ta kowa ce, an jingina ta a rana, an doki ƙasa da ita don murna ko don haushi, bakinta ya goge ya yi santsi, wani lokaci ma fatar ta fita. Ɗora ta a kan tebur ka murza, in tana tsalle-tsalle ta karkace, nemi wata. Amma bakinta ya fi miƙewarta muhimmanci, gara karkatacciya mai baki da miƙaƙƙiya mara baki. In kuwa duk sandunan wurin haka suke, to ka manta da dukan ƙasa da dukan gefe, ka doki farar a tsakiyarta. Dukan tsakiya ba ya burge kowa, amma shi ne ba ya zamewa, kuma yana da wata ƙa'ida da ba ta damu da irin tebur ba: idan farar ta isa wurin ƙwallo tana sulɓi, ba ta fara birgima ba, to bayan ta taɓa ta za ta tafi ne a gicciye da hanyar da waccan ta bi. Wanda ya riƙe wannan kaɗai zai daina jefa farar cikin rami ba gaira ba dalili.

Ƙanƙantar teburin ma ta sauya lissafi. A babban tebur nisa ne abokin gaba. A ƙarami cunkoso ne, ƙwallaye 15 a ɗan fili, naka sun maƙale da na wani. Wanda ya yi gaggawar zuba masu sauƙinsa biyar ya bar biyu a cunkushe ya yi wa abokin karawarsa sharar hanya ne. Mai wayo tun farko yake duba wacce ce ƙwallonsa mai matsala, ya nemi yadda zai ɓalle ta tun yana da sauran da zai fake da su, in ta kama ma ya bar tasa a bakin rami ta toshe wa ɗayan.

Manoman yankinmu ba za su yi mamakin wannan magana ba. Wanda ke noman gero a jigawar Babura da wanda ke noman rani a bakin dam ɗin Kazaure duk manoma ne, amma in ɗayansu ya ɗauki shawarar da aka tsara don ƙasar ɗan'uwansa, ta yawan ruwa ce ko ta lokacin zuba taki, ya yi aiki da ita ido rufe, shi zai kwana ciki. Ba malamin gona ne ya yi ƙarya ba, gonar da yake magana a kai ce daban.

Kada kuma a ce na ba ragwaye mafaka. Akwai masu ɗora wa tebur laifin kowace ɓarna, alhali hannunsu ne ke rawa, kansu na ɗagowa kafin sanda ta gama tafiya. Tsayuwa daram, sanda ta tafi a miƙe, ido a kan inda za a taɓa, waɗannan ba su da rumfa ba su da zaure, kuma a nan bidiyon gwanaye yana da amfani ƙwarai. Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a tarihin wasan ƙaramin teburin nan, a shagon wasa na kawunsa a Manila ya tashi yana yaro, yana aikin jera ƙwallaye, har a kan tebur yakan kwana, kuma shi ya ci gasar duniya ta wannan wasan a 1999. Talaucin wurin koyo bai taɓa hana gwaninta ba. Abin da nake cewa kawai, a san wace shawara ce ta hannu, wacce ce ta tebur.

Amma mafi yawan rigimar da ake yi a rumfa ba ta gangare ba ce, ta doka ce. In farar ta faɗa rami, bugu biyu za a ba ɗayan ko ɗaya? A ina zai ajiye ta, bayan layi ko duk inda ya ga dama? Baƙar, dole ne a faɗi ramin da za ta shiga, ko dole ta bi ramin da ƙwallonka ta ƙarshe ta shiga? In ka taɓa ta wani kafin taka fa? Kowace amsa a cikin waɗannan akwai inda ake aiki da ita. Bugu biyu tsohuwar al'adar mashayun Ingila ce, ajiye farar ko'ina kuma dokar gasar duniya ta wasan ƙaramin tebur ce. Ɗalibin da ya zo kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu daga Legas ko Kaduna da tasa dokar ya zo, ɗan gari yana da tasa, kowa kuma ya rantse tasa ce ta asali. Ba a tuna da maganar sai baƙar ta rage ita kaɗai, lokacin da kowa ya san wace doka ce za ta ba shi nasara. Gwanin talabijin bai san wannan damuwa ba, yana da alƙali mai farar safar hannu. Kai alƙalinka 'yan kallo ne, rabinsu abokan wancan. In ka je teburin da ba naka ba, tambayi mai wurin yadda ake yi kafin a fasa ƙwallaye, ka bi. Minti ɗaya ne, kuma ya fi a kai ga cin kwala.

Daga nan sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta ɓata wa wasan suna a idon iyaye da malamai, ba kuma a banza ba. Haramcin caca a bayyane yake a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, wannan kowa ya sani. Inda ake sakaci shi ne al'adar nan ta wanda aka cinye shi zai biya kuɗin tebur. Ana ganinta ƙaramin abu, amma malamai da yawa sun sa ta cikin caca, tunda kowanne ya shiga ne bai san ko zai biya ko za a biya masa ba. Daga ita ake hawa zuwa kuɗin lemo, daga nan zuwa ajiye kuɗi a hannun ɗan kallo. Wanda kuma ya ga baƙo yana ta ɓarar da bugu a wasan farko sannan ya ce a sa wani abu, ya kamata ya san ba yau aka fara wannan dabara ba. Ko manyan ba su tsira ba: a 2023 hukumar sinuka ta duniya ta hukunta 'yan wasan Sin 10 a kan badaƙalar caca da sayar da wasa, biyu daga cikinsu, Liang Wenbo da Li Hang, an kore su har abada. Zhao Xintong yana cikin waɗanda aka dakatar, ya gama wa'adinsa ya dawo ya ci gasar duniya a 2025. Shi ya samu damar dawowa. Yaron da ya saka kuɗin cefanen gidansu a kan baƙar ƙwallo babu hukumar da za ta mayar masa.

Ban ga laifin wasan a karan kansa ba. Yana koya wa matashi auna abu kafin ya aikata, da jiran layi, da haƙurin shan kaye a gaban jama'a, kuma sana'a ce da wani ke ci da iyalinsa. Gyaran yana hannun masu tebur. Malam mai tebur, ari ma'aunin magina ka daidaita ƙafafun teburinka duk sa'ad da yanayi ya juya, ka rufe shi da leda in an tashi, ka sa wa sandunanka baki, ka ajiye alli. Rubuta dokokin wurinka da Hausa a jikin kwali ka liƙa inda kowa zai gani, ka ƙara da cewa kowa shi zai biya rabonsa ko ya ci ko an cinye shi. In an kira salla a ajiye sanda, yaro mai kayan makaranta kuma kada ya taɓa ta sai an tashi daga makaranta.